Minti Biyar, Rawa Shida: Yadda Kiɗan Ƙauyukan Romaniya Ya Hau Bayolin da Fiyano

 Waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau za mu yi nisa da gida. Za mu tafi gabashin Turai, wani yanki mai tsaunuka da dazuzzuka da ake kira Turansilbaniya, wanda a yau yake cikin ƙasar Romaniya. Abin da zai kai mu can ɗan gajeren kiɗa ne, duka-duka bai wuce minti biyar zuwa shida ba. Raye-raye shida ne na mutanen ƙauye aka jera su, bayolin na jan karin, fiyano na raka shi. Bayolin dai shi ne gogen Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗora shi a kafaɗa a danne da haɓa. In kuna son ku ji shi kafin ku ci gaba da karatu, ku rubuta Bartok Romanian Folk Dances Szekely a YouTube, zai fito muku. Ina ba ku shawara ku sa abin sauraro a kunne, domin akwai wuraren da sautin yake siririn gaske.

Abin da nake so mu duba shi ne, me ke faruwa da kiɗan ƙauye idan ɗan birni mai ilimi ya ɗauke shi ya kai shi babban zaure? Me yake tsira, me yake zubewa a hanya? Amsar tana cikin sautin kansa, shi ya sa za mu bi raye-rayen ɗaya bayan ɗaya.

Amma bari mu fara da mutumin da ya tattaro su.

Sunansa Bela Bartok, ɗan ƙasar Hangari. An haife shi ranar 25 ga Maris 1881, ya yi karatun kiɗa a babbar makarantar kiɗa ta birnin Budafes, daga baya ya zama malamin fiyano a can. A zamaninsa 'yan birni ba su ɗauki kiɗan manoma da makiyaya a bakin komai ba. A 1904 ya ji wata yarinya mai rainon yara tana rera waƙar ƙauyensu, waƙar ta tsaya masa a rai. Daga nan shi da abokinsa Zoltan Kodaly suka shiga yawon ƙauyuka suna tattara waƙoƙi.

Ku tuna fa, babu waya, babu rikoda. Abin da suke ɗauka shi ne na'urar Edison, kakar garmaho. Tana da bututu mai faɗin baki, mawaƙi ya sa bakinsa ko gogensa kusa da shi, allura tana karce sautin a jikin wani gwangwani na kaki da ke juyawa. Kowane gwangwani kamar minti biyu yake ɗauka. In ya koma gida sai ya yi ta sake kunna shi, yana rubuta kowane sauti da kowane ɗan lanƙwasa a takarda.

Bai tsaya kan ƙabilarsa kaɗai ba. A lokacin Turansilbaniya tana ƙarƙashin Hangari, cikin daular Ostiriya da Hangari, kuma Romaniyawa ne suka fi yawa a yankin. Daga 1909 ya fara shiga ƙauyukansu. Da yake da ɗan gari akan ci gari, ya samu wani malamin makaranta Baromaniye a garin Beyush, Ion Bushitsiya, wanda ya riƙa yi masa jagora yana haɗa shi da makaɗa. Karin waƙoƙi da kiɗan Romaniyawa da Bartok ya tattara a rayuwarsa sun haura dubu uku.

A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zaɓi kari bakwai daga cikin waɗanda ya ɗauko a 1910 da 1912, ya jera su a matsayin raye-raye shida, domin ta ƙarshen kari biyu ne a haɗe. Ya rubuta su don fiyano kaɗai, ya sadaukar da aikin ga Bushitsiya. A 1917 ya sake tsara su don ƙaramar ƙungiyar makaɗa. Sai a 1925 wani matashin mai bayolin, abokinsa, ya mayar da su na bayolin da fiyano, aka buga a 1926. Ana rubuta sunansa Zoltan Szekely, amma a baki Sekei ake cewa. Bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Wannan tsarin nasa shi ne muke magana a kai yau.

To ga wani abu da ya kamata ku riƙe. Daga cikin karin nan bakwai, biyar a bayolin Bartok ya ji su tun asali, biyu kuma a sarewar makiyaya. Wato da ya mayar da su fiyano, ya raba su da bakin da suka fito. Da Sekei ya zo, sai ya mayar da su hannun bayolin. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a ganina dalilin da ya sa wannan tsarin ya karɓu haka ke nan. Fiyano ba ya iya jan sauti ya zame daga wannan zuwa wancan, da ka danna maɓalli sautin ya fito ya fara mutuwa. Bayolin kuwa, kamar goge da kukuma, yana iya riƙe sauti, ya kumbura shi, ya karkaɗa shi, ya yi kuka da shi.

Sai aikin ya rabu biyu. Bayolin ya ɗauki karin ƙauye kamar yadda aka ji shi. Fiyano ya ɗauki abin da Bartok ya ƙara daga kansa, wato rakiya. Ita ma rakiyar ba daga sama ta faɗo ba. A ƙauyukan Turansilbaniya, mai jan kari yana da abokin tafiya da ke riƙe wani babban goge mai tsirkiya uku. Jakin da tsirkiyoyin ke hawa a kai shimfiɗaɗɗe ne, don haka baka na goga ukun gaba ɗaya, yana ba da bugu da amo a ƙarƙashin karin. Idan kun saurari hannun mai fiyano a rawar farko da ta biyar, aikin wannan mutumin yake yi.

Kafin mu shiga raye-rayen, bari in tuna muku darasin firamare: do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Ku ɗauke shi kamar tsani mai taki bakwai, na takwas ya dawo da kai do amma a hawa na sama. Kiɗan manyan zaurukan Turai na wancan zamani ya dogara ne kan tsani iri biyu. Ɗaya ya fara daga do ya ƙare a do, suna jin sa da fara'a. Ɗaya ya fara daga la ya ƙare a la, suna jin sa da damuwa. Kiɗan ƙauye kuwa bai san wannan doka ba. Wani karin gidansa re ne, wani fa, wani so. Masu gyara kiɗan ƙauye kafin Bartok sukan tanƙwara karin har sai ya shiga ɗaya daga cikin tsanin nan biyu. Shi bai yi haka ba. Ya bar karin a inda ya same shi, ya nemo rakiyar da za ta dace da shi. Wannan shi ne sirrin duk abin da za ku ji.

Rawa ta farko, Jocul cu bata, rawar sanda.

Wannan ya ɗauko ta ne a 1912 a ƙauyen Boyniceni da ke yankin Muresh, daga wasu makaɗa biyu 'yan ƙabilar Roma. Kar ku haɗa su da birnin Rum ko sunan ƙasar Romaniya. Roma ƙabila ce daban da asalinta ya fito daga arewacin Indiya, Turawa sun daɗe suna kiran su Jifsi, kuma a wannan yanki da yawansu kiɗa ne gadonsu, su ake kira biki. Rawar ta maza ce, ana yin ta da sanda. Bugunta biyu-biyu ne, ɗaya biyu, ɗaya biyu, kuma ba ta da gaggawa. Tafiya take da taƙama. Abin da za ku lura da shi shi ne yadda karin ke fizga: gajeren sauti ya zo da ƙarfi, dogo ya biyo baya, kamar mutum ya buga ƙafa ya tsaya ya dube ka. Tsaninta kuma yana kai-komo tsakanin na re da na la. Bambancin biyun taki ɗaya ne tak, na shida, wani lokaci ya ɗaga, wani lokaci ya sauka. Wannan ɗan motsin shi ke sa ka kasa cewa kiɗan na murna ne ko na damuwa. Sekei ya fara karin da murya mai kauri daga ƙasa, da ya zo maimaitawa sai ya ɗaga shi sama, yana goga tsirkiya biyu a lokaci guda, har ka ji kamar masu goge biyu ne.

Rawa ta biyu, Braul, rawar ɗamara.

Sunan ya fito ne daga ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu. Daga ƙauyen Igrish take, kuma da sarewa aka busa wa Bartok ita. Gajeriya ce ƙwarai, a fiyano ko rabin minti ba ta cikawa, shi ya sa Sekei ya maimaita ta. Tsanin re take bi. Sautukanta guntu-guntu ne, a tsinke, kamar mai tafiya da ɗan yatsan ƙafa. Fiyano ba ya yin komai sai ɗan taɓi, ƙasa sama, ƙasa sama. A nan Sekei ya ɗaga karin daga mazaunin da Bartok ya ajiye shi zuwa wani na sama, kuma ya yi irin wannan sauyin mazauni a rawa ta uku da ta huɗu. Karin bai canza ba, wurin zamansa ne ya canza, kamar yadda mawaƙi kan ce a ɗaga masa kiɗa ya dace da muryarsa.

Rawa ta uku, Pe loc, ma'ana a wuri ɗaya.

Jama'a, in za ku saurari guda ɗaya kawai, to wannan ce. Ita ma daga Igrish take, ita ma ta sarewa ce. Masu rawar ba sa barin inda suke tsaye, kuma karin ma haka yake, yana ta zagaye cikin 'yan sautuka kaɗan, ba ya nisa. A ƙasa fiyano ya kafe kan amo guda yana ta maimaita shi a hankali, irin amon da ba ya yankewa na abin busan nan mai jakar fata da makiyayan yankin ke amfani da shi.

To yaya za a yi bayolin ya zama sarewa? Ga dabarar da Sekei ya yi. Mai bayolin zai danne tsirkiya da manuniya kamar yadda aka saba. Sai ya miƙa ƙaramin yatsa ya ɗora shi a kan tsirkiyar nan dai, taki huɗu gaba, amma ba zai danna ba, shafa kawai. Wannan shafar tana hana tsirkiyar karkaɗawa gaba ɗayanta, sai ta rabu kashi huɗu kowane kashi na rawa da kansa. Sautin da zai fito ya fi na asali da hawa biyu cur, siriri, kamar fito. Haka ake kaɗa rawar nan. Aiki ne mai wuya, domin in yatsa ya kauce ko da kaɗan ne sautin ya mutu, sai ƙarar baka kawai a ji. Masu koyon bayolin sun san wannan wurin, nan ne gumi ke karyo musu.

Akwai abu na biyu a wannan rawar. A tsaninta, tsakanin taki na uku da na huɗu akwai rata mai faɗi, taki ɗaya da rabi maimakon ɗaya. Duk wanda ya saba jin kiɗan Larabawa ko na Turkawa, ko wasu waƙoƙin finafinan Indiya, kunnensa zai gane wannan ratar nan take. Kuma ba abin mamaki ba ne a same ta a nan. Igrish tana yankin Banat, wanda ya zauna ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1552 zuwa 1716. Bartok kansa wannan dangantakar ta dame shi da tunani har ta fitar da shi daga Turai. A 1913 ya zo Afirka, ya ɗauki kiɗa a yankin Biskra na Aljeriya. A 1932 ya halarci taron kiɗan Larabawa a Alkahira, a 1936 kuma ya je ƙauyukan Turkiyya.

Rawa ta huɗu, Buciumeana, rawar mutanen Bucum.

Mutane da yawa na fassara sunan da rawar ƙaho, domin a harshen Romaniya kalmar tana nufin wani dogon ƙahon katako na makiyayan tsauni, mai tsawo kamar kakaki. Amma a nan sunan wani ƙauye ne a yankin Alba, an ɗauko ta a 1910, kuma mai bayolin ne ya kaɗa ta. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: ukun farko duk bugu biyu-biyu ne, wannan kuwa uku-uku ce. Ita ce mafi taushi a cikin shidan. Ratar nan mai faɗi ta sake dawowa, amma yanzu tsakanin taki na biyu da na uku, daidai inda take a tsanin da Larabawa ke kira Hijaz. Karin yana farawa daga sama ya gangaro a hankali, ya huta, ya sake hawa ya gangaro. A nan ne bayolin ke nuna abin da fiyano ba zai iya ba, yana jan kowane sauti kamar mai rera waƙa.

Amma ga inda hannun ɗan birni ya fito fili. Mai gogen ƙauyen da sauri ya kaɗa ta, domin rawa ce, mutane na jiran su taka. Bartok ne ya rage mata gudu. Ya mayar da abin takawa ya zama abin zama a yi shiru a saurara. Ta yi kyau? Ta yi kyau matuƙa. Amma ku sani abin da kuke ji a nan ba shi ne abin da aka taka a dandalin Bucum ba.

Rawa ta biyar, Poarga romaneasca.

Daga Beyush take, garin Bushitsiya. A nan barci ya ƙare. Fiyano ya fara da bugu mai ƙarfi, bayolin ya faɗo ciki da tsalle. Abin da ya bambanta ta shi ne ƙirgen bugunta. Ku gwada da tafi: ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, ɗaya biyu. Ku sake. Uku, uku, biyu, jimla takwas, amma ba a raba su daidai ba. Da ƙafarka ta fara sabawa da uku, sai a datse mata ɗaya. Tsaninta na fa ne, wato takinsa na huɗu a ɗage yake, shi ke ba ta wannan ɗan kaifin mai kama da tsokana. Kusan kowane babban sauti yana da ɗan ƙaramin sauti da ke rigansa fitowa da sauri, kamar tuntuɓe da gangan.

Rawa ta shida, Maruntsel.

Sunan daga kalmar ƙanƙane ya fito, saboda ƙananan takun da ake yi da sauri. Babu hutu tsakaninta da ta biyar, kai tsaye ake faɗawa. Kari biyu ne, na farko daga Beyush, na biyu daga ƙauyen Niyagra, kuma na biyun ya fi na farkon gudu. An koma bugu biyu-biyu. Mai bayolin yana barin bakansa ya riƙa tsalle a kan tsirkiya da kansa, yana haɗa tsirkiya biyu, fiyano na buga masa a wuraren da ba ka zata ba. Haka za a yi ta hawa har a rufe da ƙarfi.

In kun duba jerin gaba ɗaya za ku ga an tsara shi ne da lissafi: taƙama, sauƙi, shiru, taushi, sannan gudu da ƙarin gudu. A ƙauye ba wanda ya taɓa jera waɗannan shidan a dare ɗaya, domin ƙauyukan ma nesa suke da juna, wasu a Muresh, wasu a Banat, wasu a Bihor. Jerin na Bartok ne.

Shi da kansa ya yi bayanin hanyoyi uku da mai tsara kiɗa zai iya bi da kiɗan ƙauye. Ko ya ɗauki karin yadda yake ya yi masa rakiya, ko ya ƙirƙiro nasa mai kama da shi, ko kuma ya sha shi har ya zame masa kamar harshen uwa. Raye-rayen nan suna cikin hanya ta farko. Karin shi ne mai gida, duk abin da aka ƙara ɗan rakiya ne.

Yanzu bari mu zo inda maganar ta yi nauyi.

Sunan da Bartok ya fara ba wa aikin shi ne raye-rayen Romaniyawa na ƙasar Hangari. Shekara ɗaya bayan ya rubuta shi, a watan Agustan 1916, Romaniya ta shiga yaƙi da daular Ostiriya da Hangari. Wato mutumin nan ya zauna yana ƙawata kiɗan mutanen da ƙasarsa ke shirin gwabzawa da 'yan uwansu, ya kuma rubuta sunan abokinsa Baromaniye a kai. Da yaƙi ya ƙare, ranar 1 ga Disamba 1918 Romaniyawan Turansilbaniya suka taru a Alba Yuliya suka ayyana haɗewa da Romaniya. Yarjejeniyar Tiriyanon ta 4 ga Yuni 1920 ta tabbatar da haka, Hangari ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Garin da aka haifi Bartok ma ya koma cikin Romaniya. Ƙauyukan da ya saba shiga da na'urarsa suka zama ƙasar waje, yawon tattara kiɗa a can ya tsaya. Daga baya aka cire ambaton Hangari daga sunan aikin.

Kuma bai tsira daga bakin mutane ba. A 1920 masu zafin kishin ƙasa a Hangari suka taso masa a jaridu, suna cewa bincikensa kan kiɗan Romaniyawa taimaka wa abokan gaba ne. Bayan wasu shekaru kuma aka samu masu suka daga ɓangaren Romaniya suna cewa Hangari yake yi wa aiki. Kowane ɓangare na so kiɗan ya zama hujjar cewa ƙasar tasa ce. Shi kuwa abin da kunnensa ya gaya masa daban ne: maƙwabta sun daɗe suna aron kari a hannun juna, kuma wannan cuɗanyar ce ta sa kiɗan yankin ya yi arziki. Ku duba wannan ɗan aikin kaɗai. Karin na Romaniyawa ne, wasu daga cikin makaɗan 'yan Roma ne, wanda ya rubuta da wanda ya mayar da shi bayolin 'yan Hangari ne, ga kuma ratar nan da ake ji har Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Wa zai ce nasa ne shi kaɗai?

Bartok ya bar Hangari a 1940 saboda yadda ƙasar ta karkata ga 'yan Nazi, ya tafi Amurka. Ya rasu a birnin Niyok ranar 26 ga Satumba 1945, cutar sankarar jini ce ajalinsa. Babban kundinsa na kiɗan Romaniyawa bai ga fitowarsa ba, sai a 1967 aka fara buga shi. Sekei kuwa ya yi tsawon rai. Shi Bartok ya rubuta wa babban kiɗansa na bayolin na biyu, wanda ya fara kaɗawa a Amsterdam a 1939, kuma ya rasu a Kanada a 2001.

To mu koma tambayarmu. Me ya tsira? Karin ya tsira, da tsaninsa da ƙirgen bugunsa, ba a gyara masa hanci ba. Yau fiye da shekara ɗari, ɗalibi a Koriya ko Barazil yana koyon karin da wani makiyayi ya busa a Igrish. Me ya zube? Rawar kanta ta zube, da ƙura, da ihu, da maimaita kari sau goma har masu rawa su gaji. A ƙauye kiɗa ba ya ƙarewa a rabin minti. Sautukan nan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu, waɗanda sarewar makiyayi ke fitarwa, su ma takarda ba ta riƙe su duka ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. In ka je zauren kiɗa aka miƙo maka takardar shiri, sunaye biyu za ka gani, Bartok da Sekei. Mutumin da ya busa sarewar fa? Makaɗan nan biyu na Boyniceni fa? A yi wa Bartok adalci, mutum ne mai kiyaye bayani, yana rubuta ƙauye da shekara da irin abin kiɗan, kuma bai taɓa cewa karin nasa ne ba. Ya ma sa sunayen wuraren a jikin aikin. Amma duk da haka tafi na zuwa ne ga wanda ya iya rubutu, wanda ya iya kiɗan kuma ya koma gona. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, haka abin yake tafiya duk inda mai alƙalami ya haɗu da mai baki. Ni dai ina ganin mafi ƙarancin abin da mai sauraro zai yi shi ne ya san cewa akwai su.

Ga aikin gida. Ku saurari kiɗan sau biyu. A karo na farko ku bi bayolin kawai, ku ce wannan muryar ƙauye ce. A karo na biyu ku toshe kunne daga bayolin ku bi fiyano, ku ji abin da ɗan birni ya ƙara, inda ya yi shiru da inda ya sa baki. In kun samu dama ku nemi ɗaukar 1930, wadda Bartok da kansa yake kan fiyano, Joseph Szigeti na kan bayolin. Tsohuwar ɗauka ce, tana da ƙara, amma za ku ji yadda mai abin yake so a kaɗa shi. Wasu daga cikin gwangwanayen kakin nan ma an juye su, suna nan a intanet, kuna iya jin makaɗan asalin da kunnenku ku gwada da abin da ya zama.

Sannan ku faɗa mana a wurin sharhi: cikin shidan wacce ta fi kama ku? Kuma a ra'ayinku, da Bartok ya rage wa rawa ta huɗu gudu, gyara ya yi ko ɓarna? Ina so in ji hujja, ba "ta yi daɗi" kawai ba.

Ku tura wa abokanku masu son kiɗa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.